Ƙungiya a Jami'a: Haƙƙin Ma'aikaci Ne Ko Alfarmar Minista?

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tsunduma yajin aiki, ba ta janye ba sai ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Abin da jama'a suka fi riƙewa na wannan shekara shi ne zaman kashe wando da ɗalibai suka yi a gida da takaicin iyayensu. Amma a lokacin yajin an yi wasu abubuwa uku da suka fi zaman gidan bayyana matsayin ma'aikacin jami'a a gaban doka. Ranar 21 ga Satumba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta umarci malamai su koma aji, bayan Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya miƙa mata rikicin. Ranar 4 ga Oktoba ministan ya danƙa takardar rajista ga sababbin ƙungiyoyi biyu, CONUA da NAMDA, waɗanda mambobinsu daga cikin malaman da ASUU ke wakilta suka fito. Sannan gwamnati ta riƙe albashin watannin yajin a ƙarƙashin ƙa'idar ba aiki ba albashi. Duka ukun da sunan doka aka yi su, kuma a 2023 kotu ta tabbatar da halascin rajistar da na riƙe albashin. A nan gizo ke saƙa. A jami'o'in Najeriya shiga ƙungiya haƙƙi ne a rubuce, amma a aikace alfarma ce da mai mulki ke bayarwa lokacin da ya so, ga wanda ya so. Inda kuwa haƙƙi ya koma alfarma, daidaito ba ya tsayuwa, domin rabon kowa zai koma gwargwadon ƙarfinsa na rufe ƙofar makaranta.

Idan takarda za a bi, ma'aikacin jami'a ba shi da abin kuka. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin kafawa ko shiga ƙungiyar ƙwadago domin kare muradunsa, bai ware farfesa daga masinja ba, bai ware jami'ar gwamnati daga ta 'yan kasuwa ba. Tun a 1960 ƙasar ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 kan 'yancin kafa ƙungiya da mai lamba 98 kan 'yancin zama teburin ciniki da mai ɗaukar aiki. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005 ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa, ba a muzguna wa wanda ya ƙi shiga ko ya fice. Gyara na uku ga kundin tsarin mulki, na 2010, ya ɗaga Kotun Ma'aikata zuwa sahun manyan kotuna, ya ba ta ikon sauraron ƙarar wariya da cin zarafi a wurin aiki, har da ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su.

Matsalar tana cikin dokar rajista. Babu ƙungiyar da za ta yi aiki sai da rajista, babu rajista sai da amincewar minista, kuma doka ta ce kada a yi wa sabuwar ƙungiya rajista a inda tuni akwai wata da ke wakiltar irin waɗannan ma'aikata. Wannan gadon mulkin soja ne. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta dunƙule su zuwa manya 42 a ƙarƙashin uwar ƙungiya guda, NLC, kuma a shekarar ce aka haifi ASUU a kan harsashin tsohuwar ƙungiyar malaman jami'a ta 1965. Akwai hikima a dunƙulewar, domin ƙungiyoyi barkatai ba sa iya tsayawa gaban gwamnati, kuma a 1985, a shari'ar Osawe, Kotun Ƙoli ta goyi bayan magatakardan ƙungiyoyi da ya hana wasu ma'aikatan makarantu rajista bisa hujjar cewa NASU, ƙungiyar ma'aikatan makarantu da ba sa koyarwa, ta riga ta rungume su. To, da wannan dokar ce aka bar CONUA tana jira tun da ta ɓulla a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a 2018, kuma da ita ce dai aka yi mata rajista rana tsaka a wata na takwas na yajin ASUU. Dokar ba ta sauya ba tsakanin 2018 da 2022, buƙatar gwamnati ce ta sauya. A ganina malaman da suka kafa CONUA suna da cikakken haƙƙin yin hakan, haka ma likitocin da ke koyarwa da suka kafa NAMDA, domin malamin da ya gaji da salon ASUU bai kamata a ɗaure shi da ita ba. Kotun Ma'aikata ma da yarjejeniya mai lamba 87 ta kafa hujja lokacin da ta kori ƙarar ASUU a Yulin 2023. Sai dai ita wannan yarjejeniyar cewa ta yi ma'aikata su kafa ƙungiyar da suke so ba tare da sun nemi izinin hukuma ba. Rashin gaskiya ne a ɗauki rabin da ya halatta a yi wa ASUU kishiya, a jefar da rabin da ya cire hannun minista.

Tarihi ya nuna dalilin da ya sa bai kamata a bar wannan iko a hannun mai mulki ba. A 1987 aka kori shugaban ASUU, marubuci Festus Iyayi, daga Jami'ar Benin. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta haramta ƙungiyar ta ƙwace kadarorinta. Ta dawo a 1990, aka sake haramta ta a 1992, sannan gwamnatin nan da ta haramta ta ta zauna da shugabanninta, ƙarƙashin Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, aka sa hannu kan yarjejeniya a watan Satumba na shekarar. Janar Abacha ya sake haramta ta a 1996. Mai cewa ai wancan zamanin soja ne, ya dubi abin da ya biyo baya. A 2001, cikin mulkin farar hula, Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 saboda sun shiga yajin aikin ƙasa, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su a biya su haƙƙoƙinsu, lokacin wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. A 2017 gwamnan Kogi, Yahaya Bello, ya sanar da haramta ASUU a jami'ar jihar da ke Anyigba, aka sallami malamai sama da ɗari. A 2022 gwamnatin Edo ta dakatar da harkokin ƙungiyoyi a manyan makarantunta. Soja ko ba komai yakan fito da doka kafin ya haramta. Gwamnan farar hula sanarwa kawai yake yi, alhali harkar ƙungiyoyin ƙwadago tana cikin abubuwan da kundin tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Yana yi ne don ya san ko an je kotu, kafin a yanke hukunci wa'adinsa ya ƙare, malamin kuwa ya sayar da motarsa, ya cire 'ya'yansa daga makarantar kuɗi. Shari'ar Ilorin nasara ce ga doka, amma duk malami mai iyali abin da ya gani a cikinta shi ne shekara takwas babu albashi.

Me ya sa yajin aiki ya zama kusan harshe ɗaya tilo da ƙungiyoyin jami'a ke magana da shi? Amsar tana ga matsayin yarjejeniya a dokarmu. Kotunan Najeriya sun daɗe suna bin ƙa'idar da suka gada daga Ingila, cewa yarjejeniyar ƙungiya da mai ɗaukar aiki alkawarin mutunci ce, ba ta ɗaure kowa sai an shigar da ita cikin takardar aikin ma'aikaci ko minista ya ba da umarnin ta zama tilas. Kotun Ma'aikata ta fara kauce wa wannan ƙa'ida bayan gyaran 2010, amma gwamnati ta ci gaba da ɗaukar sa hannunta a matsayin dabarar kashe wutar yau. Yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da ASUU a 2009 ta tanadi a riƙa sake duba ta duk bayan shekara uku. Ba a kafa kwamitin farko na sake duba ta ba sai 2017, na Wale Babalakin. Ya watse aka kafa na Munzali Jibril, sai na Nimi Briggs a 2022, sai na Yayale Ahmed a 2024. Na Munzali da na Briggs duk sun kammala daftari, gwamnatin da ta naɗa su ta ƙi sa hannu. A 2013, bayan yajin aikin sama da wata biyar, an yi alkawarin Naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don farfaɗo da jami'o'i, kason farko na biliyan 200 ya fito, sauran ya koma abin roƙo. A ɗaya ɓangaren kuma doka ta ƙuntata yajin aikin kansa. Gyaran 2005 ya hana shi ga masu muhimman ayyuka, ya gindaya bin matakan sasanci da ƙuri'ar rinjaye, ya sa tarar Naira 10,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Ma'anar muhimman ayyuka a dokarmu ta yi faɗin da ta haɗiye aikin gwamnatin tarayya da na jiha, kuma a 1993 soja sun ambaci koyarwa ƙarara a ciki, alhali masu sa ido na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun taƙaita ta ga ayyukan da tsayawarsu ke barazana ga rai ko lafiya ko tsaron jama'a, sun kuma sha cewa koyarwa ba ta ciki. An ɗaure ma'aikaci da doka ke nan, an bar mai ɗaukar aiki da alkawarin da babu mai tilasta masa cikawa.

Akwai ƙorafi mai nauyi da bai kamata a raina ba. Uban da ɗansa ya shiga karatun shekara huɗu ya fito bayan shida, saboda wata tara na 2020 da wata takwas na 2022, yana da ikon tambaya: haƙƙin malami ya fi na ɗana ne? Yarinyar da zaman gida ya yi wa tsawo har aka aurar da ita karatun ya tsaya, da saurayin da shekarunsa suka haura iyakar da bankuna ke sa wa masu neman aiki, ba su ji ba ba su gani ba. Su kuwa waɗanda ake yajin don a matsa musu, 'ya'yansu ba sa cikin waɗannan makarantu. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa nake ganin dogon yajin aiki ya fi cutar da talaka a kan mai mulki. Amma ƙorafin hujja ne a kan tsawon yajin da yawansa, bai kai ya zama hujjar murƙushe ƙungiya ba. Ɗalibin da ke zaune a sabon zauren lacca mai tambarin TETFund a Sakkwato ko Maiduguri ko Nsukka gajiyar yajin 1992 yake ci, domin daga shawarar ASUU a waccan yarjejeniya aka kafa asusun harajin ilimi a 1993, mai karɓar kaso 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a farkonsa, wanda ya zama TETFund a 2011. Hanyar rage yajin aiki ita ce yarjejeniya ta zama abin da kotu za ta tilasta cikin watanni, domin wanda ya san alƙali zai ƙwato masa haƙƙinsa ba shi da dalilin rufe aji.

Batun ba aiki ba albashi ya fi yadda ɓangarorin biyu ke faɗinsa sarƙaƙiya. Sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago ya tanade shi, kotu ta tabbatar a Mayun 2023, kuma ƙa'idojin duniya ba su haramta cire kuɗin kwanakin yajin aiki ba. Malamai na da amsa mai ma'ana: direban da ya yi yajin aiki jigilar ranar ta wuce, malami kuwa idan ya dawo sai ya koyar da zangon da aka rasa, ya yi jarrabawarsa, ya duba kundin binciken ɗalibai, wato aikin yana nan yana jiransa. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda aka yi afuwar. A Oktoban 2023 Shugaba Tinubu ya amince a saki albashin wata huɗu daga cikin wanda aka riƙe, a Fabrairun 2024 aka biya malamai. Ma'aikatan da ba sa koyarwa, 'yan SSANU da NASU, waɗanda su ma sun yi nasu yajin a 2022 aka riƙe musu albashi a ƙarƙashin wannan sashen, sai aka tsallake su. Sai da suka yi yajin gargaɗi na mako guda a Maris, suka shiga na sai-baba-ta-gani a ƙarshen Oktoba, kafin aka fara sakar musu wani abu. Wurin aiki ɗaya, doka ɗaya, amma hukunci biyu. Gwamnati da hannunta ta koya wa ma'aikata cewa ba a samun haƙƙi sai an rufe makaranta.

Haka abin yake a rabon alawus-alawus na aikin da aka riga aka yi. Lokacin da aka ware Naira biliyan 40 a ƙarshen 2020, kaso 75 cikin ɗari aka ba malamai, aka bar wa ƙungiyoyi uku, SSANU da NASU da NAAT ta masu fasahar ɗakunan gwaji, kaso 25 su raba. Za a ce ai farfesa ba tsaran direba ba ne, kuma don koyarwa da bincike aka gina jami'a. Haka ne, babu mai hankalin da ke neman a daidaita albashinsu. Abin da daidaito ke nema shi ne a auna kowa da ma'auni ɗaya. Alawus ɗin da aka ce na aikin da aka yi ne, lissafinsa a fili yake: ɗalibai nawa malami ya duba, dare nawa ma'aikaciyar jinya ta kwana a asibitin makaranta, wane haɗari mai kula da sinadarai a ɗakin gwaji ya shiga. Idan an yi lissafin mutum-mutum aka tarar malamai ke da kaso 75, ko ma fiye, babu mai magana. Amma a yanke kason a ofishin minista gwargwadon wanda ya fi iya tayar da ƙura, wannan rabon fin ƙarfi ne. A nan ASUU ma tana da nata laifin. Ƙungiyar da ke yi wa gwamnati wa'azin adalci ba ta cika ɗaga murya ba idan abokan aikinta aka danne, su ma sauran sukan mayar da ita abokiyar gaba maimakon su nemi a buga ma'aunin kowa ya gani. Gwamnati kuwa babu abin da ta fi so kamar teburi huɗu a ɗakuna huɗu, kowane da alkawarinsa.

Duk waɗannan masu ƙungiya ne, ko ba komai ana jin kukansu a rediyo. A ƙasansu akwai waɗanda babu mai kiran sunansu a teburin. Tun gyare-gyaren aikin gwamnati na mulkin Obasanjo na farar hula aka fitar da shara da gadi da yankan ciyawa daga jerin ayyukan dindindin aka miƙa wa 'yan kwangila. Matar da ke isa ɗakunan kwanan ɗalibai da sanyin safiya da tsintsiya da bokiti, ta wanke banɗakin da ɗaruruwan mutane suka yi amfani da shi, sau da yawa ba safar hannu ba takalmin roba, a takarda ba ma'aikaciyar jami'a ba ce. Kamfani ne ya ɗauke ta. Albashinta yakan gaza mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, yakan yi watanni bai zo ba, ba ta da fansho, ba ta da katin asibitin makarantar da take sharewa. Ranar da ta yi zancen ƙungiya, ɗan kwangila ba ya buƙatar kwamitin ladabtarwa, cewa kawai zai yi kada ta zo gobe. Abin takaici, ita ce Dokar Ƙwadago ta fi shafa kai tsaye: sashe na 9 ya hana a kori ma'aikaci don ya shiga ƙungiya, sashe na 7 ya wajabta a ba shi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku. Tana da doka, ba ta da kuɗin lauya. Malami kuwa akasin haka ne, domin ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 na wannan dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwarewa. Malamin jami'ar gwamnati yana fakewa ne da dokar da ta kafa jami'arsa, wadda ta shimfiɗa matakan da dole a bi kafin kora, kuma da ita malaman Ilorin suka ci nasara. Wanda ba shi da wannan mafaka fa?

Tambayar ta kai mu jami'o'i masu zaman kansu. A 1999 aka ba uku na farko lasisi, Igbinedion da Babcock da Madonna. Yau sun haura ɗari, sun fi na tarayya da na jihohi yawa ko an haɗa su, kuma Arewa ma tana da nata daga Yola zuwa Kano da Katsina. A kusan dukkansu babu reshen ƙungiyar malamai ko ta sauran ma'aikata, kuma masu makarantun tallata wannan suke yi: a nan ba a yajin aiki, shekara huɗu shekara huɗu ce. Iyaye na da dalilin son haka, ba na kuma musun cewa akwai masu zaman kansu da ke biyan albashi a kan kari suna mutunta ma'aikata. Amma sashe na 40 bai tsaya a bakin ƙofarsu ba. Rashin yajin aiki iri biyu ne: akwai na wurin da ma'aikaci ya gamsu, akwai na wurin da kwantiraginsa na shekara ɗaya ko biyu ne, sabuntawa kuma tana hannun mutumin da zai kai wa ƙorafi. Malamin da ke cikin hali na biyu, yaya zai yi idan aka ce ya ɗaga makin ɗan wani babba da ya biya miliyoyi? Shi ya sa shawarar UNESCO ta 1997 kan matsayin malaman manyan makarantu ta haɗa tsaron aiki da 'yancin ilimi da 'yancin ƙungiya wuri guda. Mai tsoron kora ba ya iya kare darajar takardar shaidar da yake sa wa hannu. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa tana ƙirga littattafai da kujeru da yawan masu digiri na uku kafin ta amince da kwas. Ya kamata ta riƙa tambayar ko ma'aikatan wurin na iya taruwa su zaɓi wakilansu ba tare da an sallame su ba.

Sai wariyar da ba ta bin layin ƙungiya, wadda ke bin jinsi da lafiyar jiki da asalin jiha. Kundin tsarin mulki ya ambaci albashi ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da bambancin jinsi ba, amma a sashe na 17 ya sa shi, cikin babi na biyu da kotu ba ta tilasta shi kai tsaye. Abin da ya cike giɓin shi ne sashe na 42 da ya hana wariya, da yarjejeniyoyin duniya kan daidaiton albashi da hana wariya da hana cin zarafi a wurin aiki, waɗanda Najeriya ta amince da su a 1974 da 2002 da 2022. A jami'ar gwamnati jadawalin albashi ɗaya ne ga mace da namiji, don haka wasu kan ce babu matsala. Matsalar tana wurin hawa matakan. Ƙarin girman malami da yawan maƙalun da ya wallafa ake auna shi, shekarun da ake son ya fi wallafawa kuwa su ne shekarun haihuwa da reno ga mace. Dokar Ƙwadago mako 12 ta ba da na hutun haihuwa da rabin albashi, gwamnatin tarayya ta ƙara wa nata ma'aikatan zuwa wata huɗu, amma ƙa'idar ƙarin girma ba ta san da jego ba. Sai a 1985 aka sami mace ta farko shugabar jami'a, Grace Alele-Williams a Benin, kuma ASUU kanta tun kafuwarta maza ne ke shugabancinta na ƙasa. Lokacin da Majalisar Dattawa ta kawo ƙudirin hukunta cin zarafin ɗalibai a manyan makarantu, ASUU ta soke shi da cewa malamai kaɗai ya nufa. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, amma abin da ya dace da ƙungiya irinta shi ne ta fito da nata daftarin da zai kare kowa, har da sakatariya da ƙaramar malama da ke ƙarƙashin shugaban sashe. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kaso 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika, ofisoshin sassa da yawa suna saman bene ba hanyar keken guragu. A jami'o'in jihohi kuma ba baƙon abu ba ne a ɗauki ɗan wata jiha kwantiragi ba fansho, yana koyar da kwas ɗaya da ɗan jiha mai aikin dindindin.

Gyaran bai fi ƙarfin Majalisar Tarayya ba, kuma daftarin sababbin dokokin ƙwadago da aka tsara tun zamanin Obasanjo ya shafe shekaru yana kai-kawo tsakanin ma'aikatar ƙwadago da majalisa. A cire izinin minista daga rajista, ta koma sanarwa ga magatakarda wadda kotu kaɗai za ta iya hanawa. Masu fargabar cewa hakan zai haifar da ƙungiyoyin jeka-na-yi-ka suna da amsa: idan ƙungiyoyi suka yi yawa, ƙuri'ar ma'aikata ta nuna wadda za ta jagoranci ciniki, ƙungiyar da gwamnati ta ƙirƙira kuwa ba za ta ci wannan ƙuri'a ba. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta zama bashi a wuyan gwamnati, kuɗinta ya shiga kasafi, ta yadda mai ciniki a madadinta zai daina alkawarin abin da ya san baitulmali ba zai biya ba. A faɗaɗa ma'anar ma'aikaci ta ɗauki malamin jami'ar kuɗi, a kuma ɗora wa jami'a alhakin duk wanda ke aiki a harabarta ko da ta hannun ɗan kwangila ne. Sai dai majalisa ba ta motsawa sai masu murya sun matsa, a jami'a kuwa babu mai muryar ASUU. Ya kamata ta sa batun mai shara da malamin jami'a mai zaman kanta da malama mai jego cikin jerin buƙatunta na gaba, a layi ɗaya da albashin farfesa, ta kuma ƙi karɓar duk wata afuwa ko alawus da aka tsallake SSANU da NASU da NAAT a ciki.